Na Rubuta Ba Shi Da Kowa, Alhali Uwarsa Tana Zaune A Gabana

Edita, sallama a gare ka da dukkan masu karanta wannan mujalla. Ni yanzu tsoho ne, na yi ritaya, gwiwa ta ƙi, abokan hirata su ne rediyo da jikoki. Amma labarin da zan ba ku na wani saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, wanda ya gama makarantar koyon aikin tsafta a Kano aka turo shi garinsu Wudil a matsayin duba-gari. Saurayin nan ni ne. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, waɗanda suka rage kuwa suna da 'ya'ya da jikoki.

Zamanin kuɗin mai ne, kuma wanda bai gani da idonsa ba zai ce ƙari nake yi. Motocin siminti suna bin juna a kan gada tun safe har yamma, duk inda ka waiwaya ana haƙa harsashi, ana ja wa gari wayar lantarki, ana maganar famfo har ƙauye. Na sayi sabon babur ja, na ɗinka wando mai faɗin ƙafa, na tara suma. In na shigo unguwa da kakina, sai ka ga mata suna rige-rigen wanke randa, ni kuwa ina hura hanci kamar ni na haƙo man. Ba mugu ba ne ni, Allah ya sani. Ina dai da rawar kai, kuma na yi imani har zuciya cewa duk wani ciwon ƙasar nan mu 'yan boko za mu warkar da shi kafin gashinmu ya yi furfura.

Wata ranar Litinin aka kira mu taro a birni, ma'aikatan lafiya na ƙananan hukumomi. Wani babban jami'i ya miƙe ya ce gwamnatin jiha ta ɗaura aniyar raba masu taɓin hankali da mari, wato ƙarfen da ake ɗaure musu ƙafa da shi. Ya ce ciwo ne kamar kowane ciwo, kuma yanzu akwai ƙwaya da allura da ke kwantar da shi. Tsarin kashi biyu ne. Duk wanda yake da dangi za a bar shi a gida, a yanka masa kati, malamin asibiti ya riƙa zuwa wata-wata yana yi masa allura. Wanda kuwa ba shi da kowa, yana kwana a kasuwa ko a tasha, za a ɗauke shi a kai shi wata cibiya a birni, a ba shi ci da sha da magani. Aka raba mana fom, kowane da gurbin suna, da gurbin gari, da gurbin dangi.

Wallahi da ya gama magana tafin da na yi har hannuna ya yi ja. A wajen aikina na taɓa shiga wani gida duba tsafta, na tarar da wani bawan Allah a ɗakin baya an ɗaure masa ƙafa a turke, ƙarfen ya ci naman idon sawunsa, kuma 'yan gidan ba don ƙiyayya suka yi ba, sun rasa yadda za su yi ne. Hoton nan bai taɓa fita daga raina ba. To yau ga gwamnati da kanta tana cewa an gama da wannan! Na hau babur na kamo hanyar gida ina waƙa da ƙarfi, direbobi suna leƙowa suna kallona, fom ɗin nan na cusa su cikin riga don kada iska ta kwashe min ko ɗaya. Har yau ina cewa tsarin nan mai kyau ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne siyasa. An ce za a gina ƙaramin asibitin masu wannan ciwo guda ɗaya a shiyyarmu, kuma ƙaramar hukumar da ta fara kammala rajista ita za ta samu. Shugaban ƙaramar hukumarmu mutum ne mai zafin nema, yana kuma hangen kujera mafi girma in soja suka miƙa mulki. Ya kira ni ofis ya dafa kafaɗata, ya ce ni ne idonsa, kada in bari maƙwabta su sha gabanmu, domin kwamishina zai zo nan da mako biyu. Na fito ina jin kaina ya kai rufin ɗaki. Wani dattijon dagaci da na je gaida shi ya ba ni shawara, ya ce in bi ta hannun masu unguwa gida-gida, in kuma nemi wata dattijuwa ta riƙa yi min magana da mata, don irin wannan ciwo ba a tambayarsa a tsaye. Ya ƙara da cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Na yi godiya a baki, amma a raina na ce tsofaffin nan su ne suka hana ƙasa ci gaba. Me zai kai ni yawon ƙauyuka irin su Indabo da Ɗankaza a kan babur, alhali ranar Juma'a kasuwa za ta tara min kowa?

A bakin kasuwar shanu akwai wata tsamiya, kuma duk Juma'a za ka tarar da wani mutum a gindinta yana tufka igiya. Zai yi shekara talatin, dogo, siriri, ba ya kula kowa sai shanu. Da su yake hira, yana yi musu faɗa, wani lokaci ya fashe da dariya shi kaɗai. Bai taɓa jifan kowa ba. Dillalai sukan ɗauki igiyarsa su ajiye masa abin da ya samu, har ma sukan ce tufkarsa ta fi ta masu hankali ƙarko. Kamar taku goma daga gare shi wata Bafillatana ce mai nono, dattijuwa, tana zaune da ƙwaryarta da faifai. Daga wajen ƙauyen Utai take zuwa. Na sha ganinsu a hanya da safe, ita a gaba, shi can a baya da tazarar gona guda. Na kuma sha ganin ta dama fura ta tura ƙaramar ƙwarya gefe ba tare da ta dubi kowa ba, shi kuma ya zo ya ɗauka. Ido ya gani, amma kai bai ɗauka ba.

Ranar Juma'ar da muka sa, mai shela ya riga ya zaga gari da cewa gwamnati ta kawo maganin ciwon hauka kyauta. Muka shigo kasuwa da hantsi, ni a gaba a kan babur, bayana motar ƙaramar hukuma da malamin asibiti da masinjoji biyu. Kai, ranar nan na ga jama'a! Aka kewaye mu, ana turereniya, wasu suna sa albarka, wasu sun zo kallo kawai. Na kafa tebur na fara rubutu. Wani ya kawo ƙanensa, wata ta kawo mijinta, ina yanka kati ina miƙawa, ina jin kamar Aljanna nake rabawa. Mutum biyu da aka sani suna kwana a tasha muka sa su a mota, kuma su kam gaskiya ba su da kowa a garin. Kafin a kira sallah na kusa cika fom ɗina, sai wani masinja ya tuna min da mai igiya.

Na taka har gindin tsamiyar, jama'a suna biye da ni. Na tambaye shi sunansa, ya ci gaba da tufka. Na ɗaga murya na ce ina danginsa. Ba wanda ya amsa, domin a lokacin mutane tsoron kaki suke yi, amma na ga wasu sun nuna mai nonon da baki. Na je na tsaya a kanta, ko sallama ban yi ba balle gaisuwa, na tambaye ta a gaban dillalai da mahauta da Fulanin da suka kawo shanu ko wancan ɗanta ne. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta kawar da kai. Na sake tambaya. Ta ce a hankali wai ɗan mutane ne. Na ce to mene ne sunansa, ta sunkuyar da kai tana juya ludayi a cikin nono. Wani tsohon dillali ya matso ya fara cewa malam, ai ka san halin mutanenmu, sai na daka masa tsawa na ce doka ta ce daga bakin dangi za a ji, ba daga bakin 'yan kallo ba. Ya ja da baya. Na tambaye ta karo na uku, ta ƙi ɗagowa. Na ɗora fom a kan cinyata, a gurbin dangi na rubuta ba shi da kowa, na sa hannu.

Ku lura da abin da ban yi ba, don a nan laifina yake. Ban gaya mata abin da amsarta za ta jawo ba. Ita abin da ta ji daga mai shela shi ne ana ba da magani, don haka da ta ga an kama hannunsa an nufi mota, zatonta asibitin gari za a kai shi a yi masa allura a dawo da shi kafin kasuwa ta watse. Shi ma bai yi gardama ba, ya naɗe igiyarsa ya hau, har yana shafa jikin motar yana murmushi. Ita kuwa ko kallon motar ba ta yi ba. Na ɗauki wannan a matsayin shaida cewa na yi daidai, na ce wace uwa ce za a tafi da ɗanta ta ci gaba da auna nono? Mota ta tashi ta haye gada, ni kuma na tafi masallaci da farin ciki.

Muka ci gasar. Ranar da kwamishina ya zo gari ya cika ya batse, makaɗa da maroƙa, 'yan makaranta sun yi layi da tutoci, an yanka sa. Aka aza harsashin asibitin a wani fili a bayan gari, aka liƙa allo. Shugabanmu ya kira ni gaban jama'a ya ce ga irin samarin da ƙasa ke buƙata, kwamishina ya miƙo min hannu, na kama da hannu biyu. Washegari aka faɗi sunan Wudil a rediyo. Abokaina suka sa min laƙabin likita, 'yan mata suka fara amsa gaisuwata da fara'a, ni kuwa har na fara lissafin wane ofis zan zauna a birni.

Bayan Juma'a biyu na dawo gida cin abincin rana, sai na tarar da takalman roba na mace a ƙofar ɗakin mahaifiyata, da ƙwaryar nono a gefe. Ashe mai nonon nan ta daɗe tana kawo wa Innata nono. Ranar da aka tafi da ɗanta, ta zauna a gindin tsamiya har kasuwa ta watse, ta koma gida ita kaɗai. Ta kai kuka wajen mai unguwa, ya ce ta yi haƙuri, abin gwamnati sai a hankali. Mijinta ya rasu, 'yan'uwansa sun yi kudu da shanu, ita ta ƙi bin su saboda mai ciwon ba ya yarda ya bar gefen kogin nan. Da ta rasa mafita, sai ta bi hanyar da mata suka sani, ta zo wajen uwar wanda ya yi ɓarnar. Ko a nan ɗin ma, in ji Inna, ba ta ce ɗana ba. Cewa ta yi ta zo jin labarin wanda aka tafi da shi a mota.

Da ta fita Inna ta kira ni. Tun ina yaro ban taɓa ganin ranta ya ɓaci haka ba. Ta ce min mai igiyar nan ɗan farin matar ne, kuma ta tambaye ni ko a Makka aka haife ni da ban san alkunyar ɗan fari ba. Ta ce ko Bahaushiya ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta nuna shi a cikin mutane ta ce nata ne, balle Bafillatana, a tsakiyar kasuwa, a gaban maza. Sannan ta ce in tsaya in tuna, ni da nake ɗanta na fari, yaushe na taɓa jin sunana a bakinta? Na tsaya na tuna. Yaron nan take ce min, ko wannan, ko ta aiki ƙanena ya kira ni. Na tashi a cikin wannan al'ada, na san ta kamar yunwar cikina, amma da na sa kaki na riƙe fom sai na manta da ita ɗungurungum. Inna ta ce in je in dawo wa matar nan da abinta, in ba haka ba ita ba ta ga amfanin karatuna ba.

Na tafi birni washegari da zaton aikin yini ɗaya ne. A cibiyar aka buɗe min littafi, ga shi nan da rubutun da aka kwafa daga nawa: ba suna, daga Wudil, ba dangi. Sai dai mutumin ba ya nan. Wurin ya cika ya tumbatsa, don kowace ƙaramar hukuma ta yi irin gasar da muka yi, aka rarraba wasu zuwa wurare dabam-dabam, kuma akawun da ya yi rabon an yi masa canjin wajen aiki. Aka kuma gaya min ko an same shi ba za a sake shi ba sai jami'in da ya sa hannu ya rubuta cewa ya yi kuskure. Na koma na sami shugabanmu. Ya rufe ƙofa ya ce in rufa masa asiri in rufa wa kaina. An buga gangar siyasa, abokan hamayya suna yawo ƙauye-ƙauye suna cewa an kwashe 'ya'yan talakawa an kai su inda ba a sani ba, in takarda irin wannan ta fita daga ofishinmu, mun ba su wuƙa da nama. Ya ce in bari a gama zaɓe.

Kuma na bari. Wannan shi ne abin da ya fi ci min rai, ya fi rubutun farko, domin na farko rawar kai ne, wannan kuwa tsoro ne da son kai. Na riƙa gaya wa kaina ai yana samun magani, ai yana cin abinci. Na daina bi ta kasuwar shanu. Amma duk Juma'a matar nan sai ta ƙulla curin fura a tsumma ta kawo wa Inna, ta ce a kai wa wanda ke can in an sami mai zuwa. Inna kuwa sai ta ajiye ƙullin a kan sirdin babur ɗina. Ta kuma rage min gaisuwa. In na durƙusa da safe na ce ina kwana, sai ta ce lafiya, ta ci gaba da abin da take yi, ba ina gajiya, ba Allah ya yi albarka. Wanda ya san gaisuwar uwa a ƙasar nan ya san abin da aka ɗauke min. Wata shida ina cikin wannan hali, har na rame, wandon nan mai faɗin ƙafa ya fara zamewa.

Ranar da na kasa jurewa, na zauna na rubuta takardar da hannuna, na ce ni ne na yi kuskure, na sa hannu ban gaya wa shugaba ba. Wallahi ina ajiye alƙalami na ji kamar an sauke min buhun gero daga ka. Na ɗauki hutu na shiga neman mutumin nan kamar mai neman ɓataccen sa. Na je wuri uku ban dace ba. A na huɗu wani tsohon mai dafa abinci ya ji ina kwatance, ya ce in dai wanda yake warware buhu yana tufka igiya ne, ai an kai shi wata gonar gwamnati a bayan birni tare da marasa faɗa. Ban tsaya sallama ba na tashi babur! Ina isa na hango shi a ƙarƙashin wata rumfa, an aske masa kai, ya yi ƙiba, hannunsa yana ɗan rawa, amma ga igiya nan a cinyarsa. Na yi kabbara da ƙarfi har ma'aikatan suka fito suna tambaya ko ni ma sabon kawowa ne.

Malamin asibitin da ke kula da wurin mutumin kirki ne, daga kudancin ƙasar nan yake, yana jin Hausa daidai gwargwado. Ya ce maganin ya karɓe shi, yanzu yana magana da mutane, har ya faɗa musu sunansa sun rubuta. Amma ya ce ba zai ba ni shi ba. An sha zuwa da ƙaryar dangantaka a ɗauki marasa lafiya a sa su bara, don haka dokarsu ita ce dangi ya zo da kansa ya kira sunan mutum, sunan ya dace da na littafi, shi kuma ya amsa. Na koma Wudil a guje. Washegari na ɗauki shatar mota, na sa Inna da matar nan a baya. Tun da matar take ba ta taɓa shiga birnin Kano ba. Duk tsawon hanya tana rungume da ƙwaryarta, Inna tana ta ba ta baki.

Da muka isa, na ja malamin gefe na yi masa bayanin al'adar. Ya jinjina kai ya ce ya gane, amma shi ma a ƙarƙashin wasu yake. Inna ta ce to a bari matar ta raɗa mata, ita ta faɗa. Ya ce a'a, daga bakin mai shi. Nan na ga na sake kawo ta gaban irin tambayar da ta kasa amsawa. Marasa lafiyan suna zaune a kan benci a tsakar gida, sun ba mu baya, kansu duk a aske, rigarsu iri ɗaya. Ta tsaya tana kallonsu, na san ta gane nata tun daga ƙeya. Ta kai gefen mayafi baki. Ga ma'aikata maza sun kewaye mu, ga ni. Sai ta sauke mayafin, ta buɗe baki ta kira sunan, da wata murya siririya mai rawa. Shekara talatin tana riƙe da sunan nan ba ta taɓa furta shi ba.

Ya ce na'am tun kafin ya waiwayo. Sannan ya miƙe yana dube-dube, yana neman wanda ya kira shi, don ya san muryar, ya san sunan, amma bai taɓa jin su tare ba. Da idonsa ya sauka a kanta, sai ya taho da sauri ya durƙusa, ya yi mata magana da Fillanci. Inna tana ɗan ji, ita ta gaya min daga baya: wai tambayarta ya yi ko lafiya, wa ya mutu da har ta kira shi da suna? Matar nan ta fashe da dariya da kuka a lokaci guda, ta rufe fuska ta juya masa baya. Inna tana share hawaye, malamin asibiti ya duƙa yana neman tawadar dangwale ya kasa ganinta alhali tana gabansa, ni kuwa na fita bayan rumfa na yi kukan da ban yi irinsa ba tun ina yaro.

Ranar Juma'ar da ya koma gindin tsamiya, dillalai har guɗa suka sa aka yi. Tsohon nan da na daka wa tsawa na je na durƙusa na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Shugabanmu ya yi fushi ya sa aka mayar da ni wani ƙauye, ban damu ba. Bayan zaɓe sababbin masu mulki suka zo da nasu tsarin, allurar wata-wata ta zo sau kaɗan ta ɗauke, asibitin kuwa bai wuce harsashi ba, awaki ne suka gaje shi. Ni na riƙa zuwa birni ina karɓo masa ƙwaya muddin ina iyawa. Wani lokaci ya samu sauƙi, wani lokaci ciwon ya motsa. Uwar ba ta sake kiran sunansa ba har ta koma ga Allah, kuma ba ta taɓa yi min maganar ba. Ta bakin Inna ta aiko min cewa ta yafe, wai ai gwamnati ce, ba ni ba ne. Na gode mata, amma na san gwamnati ba ta je gindin tsamiya ba, ni na je.

Abin da ya sa na rubuto, Edita, na ji a rediyo an sake tayar da maganar kula da masu taɓin hankali, kuma raina ya yi fari, domin bayin Allahn nan sun daɗe suna jira. Ina roƙon masu mulki, in za su yi, kada su mayar da shi gasa, kada su ɗaura shi a jikin ranar zuwan wani babba, kuma wanda ya hau kada ya rushe na wanda ya sauka don kawai ba shi ya fara ba. Mai wannan ciwo ba ya warkewa da biki, magani yake so da ba ya yankewa, da mutanensa a kusa da shi. Ku kuma samari da za a ba fom a tura ku cikin jama'a, ku ji daga bakin wanda ya taɓa ƙonewa. Mutanenmu ba sa faɗin abin da ya fi soyuwa a ransu a tsaye, a cikin taro. Ku yi sallama, ku zauna, ku gaisa, ku gaya wa mutum abin da amsarsa za ta jawo kafin ku tambaye shi, in kuma dattijo ya matso zai yi magana ku bar shi ya ƙarasa. Ni ɗan zaman da bai fi na shan fura ba na ƙi yi, aka biya shi da wata bakwai, kuma ba ni ne na biya ba.